Kujerar Roba a Ƙarshen Sahu

Jiya da la'asar dusar ƙanƙara ta fara sauka a garin Hyattsville na Amurka, yau muka wayi gari ta rufe motoci har rabin taya. Na fita da shebur in buɗe hanyar ƙofa, ban share tsawon tabarma biyu ba bayana ya riƙe. Na dogara da shebur ɗin ina jiran ya sake ni. Wannan ciwon na gaske ne, likita ya gan shi a hoto. Amma duk ranar da ya kama ni, wancan nake tunawa, wanda na ƙirƙira da bakina a hunturun da ya shiga shekarar 2010.

Sunana Sabi'u, mutumin Zariya. Sana'ata shimfiɗa tayil. Shekara bakwai na yi ina bin wani ɗan kwangila muna sa tayil a sababbin gidajen da ake ta ginawa a wajen Upper Marlboro. Daga safe zuwa yamma a durƙushe nake, gwiwa a ƙasa, siminti a farce. Ban taɓa ƙorafi ba, domin aikin ya riƙe ni da matata Rakiya da 'yarmu Amira.

Sai gini ya tsaya. Gidajen da muka fara aka bar su da leda a tagogi, iska tana kaɗa ta. Wata safiya ubangidanmu ya tara mu a bayan motarsa ya ce kowa ya kwashe kayan aikinsa, in abu ya gyaru zai kira. Bai kira ba. Ɗan tallafin da gwamnati ke ba wanda ya rasa aiki na ɗan lokaci ne, kuma nawa ya kusa ƙarewa. Na cika takardun neman aiki har na haddace tambayoyinsu. Ko aikin share shago aka ce ana nema, sai ka tarar da layi, har da masu digiri a ciki. Rakiya tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ita ma aka rage mata awowi.

Sanyin shekarar ya zo da wuri. Hitar ɗumama ɗaki muke kunnawa kaɗan, mu toshe ƙasan ƙofa da tsohon tawul, kowa ya kwana da safa biyu. Da safe shayi ne da burodi, madarar ta Amira ce ita kaɗai. Da rana gari ko taliya, da dare shinkafa da duk abin da ya samu. Katin abinci na gwamnati ba ya kai mu ƙarshen wata. Ranar Asabar nakan ja hula har ido in shiga layin wata coci da ke rabon abinci, in dawo mu zauna da Rakiya muna karanta jikin gwangwanaye, muna ware masu naman alade mu ba maƙwabta. Ban taɓa gaya wa 'yan'uwana a gida ina shiga layin nan ba.

A shagon kayan abincinmu na Afirka na haɗu da Tanko, wani tsohon direban tasi da ya daina aiki amma kullum cikin sabuwar shadda yake. Ya ga ina juya ƙullin daddawa ina ajiyewa, sai ya ja ni gefe.

"Shekara nawa ka yi kana durƙuso a gidajen mutane?"

Na ce, "Bakwai."

"Kuma bayanka bai taɓa ciwo ba?"

"Yakan yi. In na sha magani na kwanta, ya tafi."

"To daga yau ba ya tafiya," in ji shi.

Shi ya yi mini bayanin kuɗin nakasa, wanda a bakinmu muke ce wa disabiliti. In likita ya yarda jikinka ba zai ƙara iya aiki ba, gwamnati za ta riƙa ba ka wani abu duk wata. Ya ce in je ofishin in gani da idona, cike yake da fari da baƙi, duk waɗanda aiki ya ƙare musu. Na je, kuma haka na tarar. A rediyon mota kullum gardamar da ake ke nan, masu nema sun yi yawa, aljihun gwamnati ya yi nauyi, aiki kuma ya ƙi dawowa. Na gaya wa kaina ai an yi shekara bakwai ana cire haraji a albashina, haƙƙina zan karɓa. Na san ƙarya nake yi tun a lokacin. Ba wanda ya yaudare ni.

Tanko ya ba ni dokoki. Kada in ɗauki jaka a waje. Kada in hau bene da sauri. Ya ce akan turo mutum da mota ya tsaya gaban gidanka da kyamara, ranar da aka ɗauke ka kana sunkuye, magana ta ƙare, wataƙila har da kotu. Har yau ban san ko gaskiya ne ba, amma na yarda. Sai ya ƙara ɗaya.

"Salla fa?"

"Me ya sami salla?"

"Ka ce wa likita ba ka iya durƙuso, sannan ranar Juma'a mutum ɗari su gan ka kana sujada kamar ɗan shekara ashirin? Kujera za ka nema, malam."

Masallacinmu wani tsohon shago ne da muka kama haya a hanyar Beltsville. A ƙarshen sahu, jikin bango, akwai fararen kujerun roba guda uku na marasa lafiya. Juma'ar farko da na ja ɗaya na zauna, ji na yi kamar kowa ni yake kallo. Liman ya yi kabbara, mutane suka tafi ƙasa gaba ɗaya, mu masu kujera muka rage a sama, ina ɗan sunkuyar da kai. Daga nan kujera ana ganin bayan kowa. Ban taɓa sanin haka masallaci yake ba in an yi sujada.

Wanda ke kujerar kusa da ni Baba Isiyaku ne, dattijo mutumin Kumasi. A gini ɗaya muke, mu a hawa na biyu, shi da matarsa Mma Memuna a na uku. Ya fi shekara ashirin yana ɗaga tsofaffi a gidajen jinya, har ƙodarsa ta gaza. Sau uku a mako ake kai shi wankin ƙoda. Shi yana karɓar kuɗin nakasa, na halak, amma kunyarsa yake ji, ba ya son a yi zancen.

Da aka sallame ya dafa gwiwata. "Ɗan Najeriya, kai ma ka shigo ƙungiyarmu? Ai ba a ɗaukar yara."

Na ce, "Baya ne, Baba."

"Shinkafarku ce marar daɗi ta karya ka. Ka riƙa hawowa kana cin ta Gana." Ya yi dariya, sannan ya daina. "Allah ya ba ka lafiya, ɗana. Ka yi haƙuri, kujerar nan da ɗaci, amma ana sabawa."

Wata biyar na yi a kujerar. A gida kuwa sai in ja labule, in shimfiɗa darduma, in yi sallata da ruku'u da sujada. Wata rana na sallame na ga Rakiya tsaye a bakin ƙofa da kwandon wanki.

"Baban Amira, wanda kake yi wa ta gida da wanda kake yi wa ta masallaci, ba ɗaya ba ne?"

Na ce ta bar ni da abin da ya dame ni. Ta bar ni.

Bayan na nemi kuɗin an ƙi ni a karon farko, lauyan da Tanko ya haɗa ni da shi ya ce mu sake nema. Sai aka aiko da wani fom da ake so wanda ya san ni ya cika, ya faɗi yadda nake rayuwa kullum. Na ajiye wa Rakiya a kan tebur da biro. Ta karanta har ƙarshe ta ture shi.

"Ba zan tona maka asiri ba, ko wa ya tambaye ni. Amma hannuna ba zai hau takardar nan ba."

"Me za mu ci in tallafin ya ƙare?"

"Ban sani ba. Amma ba zan rubuta ba."

Na ɗauki fom ɗin na hau sama, ina riƙe ƙarfen bene ina tsayawa a kowace matakala saboda masu gani. Baba Isiyaku ya sa tabarau, ya ɗora takardar a kan tire. Ya ce shi ya san wahalar jiran mutanen nan, zai cika mini da kyau. Yana karanta tambaya yana duba na.

"Kana iya ɗaukar galan ɗin madara?"

"A'a, Baba."

Ya rubuta. "Kana iya sunkuyawa ka ɗaura takalmi?"

"Sai Rakiya ta taimaka."

Ya girgiza kai ya rubuta. A wurin da aka ce ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ya rubuta cewa wata da watanni yana salla kusa da ni, bai taɓa ganin na iya kai goshi ƙasa ba. A ƙasan takardar akwai layin da ke cewa mai sa hannu ya rantse gaskiya ya faɗa. Ya yi bisimilla ya sa hannu. Da zan tafi Mma Memuna ta zuba mana wake da shinkafa irin nasu a kwano. Na miƙa hannu, ta janye.

"Kai da bayanka? Wuce in kai maka."

Tsohuwar nan ta bi ni a baya da kwano har ƙofarmu.

Saura mako guda in je gaban likitan gwamnati, wanda maganarsa ce za ta yanke komai, ƙanƙara ta sauko. Mun saba ganin ta, amma ba irin wannan ba. Kwana biyu tana zuba ba tsayawa, ba a gama kwashe ta ba wata ta biyo. Wuta ta ɗauke. Amira ta yi murna a ranar farko, a ta biyu ta daina magana, tana cikin bargo uku. Muka koma kicin gaba ɗaya, muna dafa ruwa a murhun gas don tururin ya ɗumama mu. Numfashinka kana ganin sa a cikin ɗaki. Burodi ya ƙare, muka koma kunun gari. Unguwar ta yi tsit, ba ƙarar mota ko ɗaya, sai reshen itace da ke karyewa jifa-jifa. Motar share hanya ta bi babban titi, amma ba ta shigo layinmu ba.

Baba Isiyaku ya rasa wankin ƙoda ɗaya, sannan na biyu.

Da hantsi Mma Memuna ta buga mana ƙofa, ko mayafi ba ta ɗauka ba. Ta ce ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya kwanciya, numfashi yana yi masa wuya. Ta kira lambar gaggawa, an ce suna zuwa amma kira ya yi yawa, ba su san yaushe ba. Ta sami wani ɗan garinsu mai babbar mota, ya ce zai iya kaiwa babban titi ya jira a can, layinmu dai ba zai shigu ba. Daga ƙofar gininmu zuwa titin ya kai tsawon filin ƙwallo biyu, ƙanƙarar kuma ta wuce gwiwa, a wani wurin har ƙugu. Mazan ginin kusan duk sun maƙale a wuraren aikinsu tun daren farko.

Ba ni ta zo nema ba. Wurin Rakiya ta zo. A saninta ni majinyaci ne.

Rakiya ta sa takalmin sanyi, ta ɗauki shebur ɗaya da muke da shi. A bakin ƙofa ta juyo ta dube ni. Ni kuma na dubi taga. A tsallaken layi akwai wata farar mota da ta fi mako a wurin, ban san mai ita ba, kuma tun kafin ƙanƙarar na sa a raina ta masu kyamara ce. Ƙanƙara ta rufe ta har gilashi. Ko mahaukaci ya san ba mutum a ciki. Amma akwai tagogin maƙwabta, akwai mako guda da ya rage, akwai wata biyar da na riga na zuba a kujera.

Na ce, "Bari in kula da Amira."

Ta fita.

Na tsaya a bayan labule ina kallo ta ɗan tsagi. Rakiya da shebur, Mma Memuna da tiren cin abinci, da wata maƙwabciyarmu 'yar ƙasar Salbado da murfin kwandon shara. Mata uku. Su yi taku biyar su tsaya su huta. Na ga Mma Memuna ta faɗi a gwiwa, ta tashi, ta ci gaba. Ta cikin silin ina jin tarin Baba a sama, wani irin tari mai ruwa. Na san aikin nan. Na san da ni ne da shebur ɗin, rabin awa ya ishe ni in fasa hanyar da mutum ɗaya zai bi. Na duba agogo sau da yawa, shi ya sa na san tsawon tsayuwata. Awa ɗaya da minti goma.

Sai tarin ya tsaya.

Ban san lokacin da na hau benen ba, na dai san bibbiyu na riƙa tsallake matakalar. Na same shi a kujerar falo ya jingina gaba, bakinsa a buɗe, leɓensa ya sauya launi. Yana numfashi, amma sama-sama. Na naɗa masa bargo, na durƙusa a gabansa na juya masa baya, na ja hannuwansa bisa kafaɗata na miƙe. Ruwa ya cika jikinsa, ya yi nauyi ƙwarai. Na sauko da shi hawa uku.

Da na fito, matan suka tsaya da aiki. Mma Memuna ta dube ni, ta dubi ƙafafuna, tiren yana hannunta. Ba su kai rabin hanya ba. Na bi inda suka share, da ya ƙare na shiga ƙanƙarar haka nan, ina ɗaga ƙafa ina turawa da cinya. Sanyi yana yanka huhuna, gumi yana bin bayana. Kansa yana kan kafaɗata, bakinsa daidai kunnena.

"Sabi'u."

Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.

"Na'am, Baba. Mun kusa."

"Kai ne ka ɗauke ni?"

"Ni ne."

Ya ja iska da ƙyar. "Na rubuta musu ba ka iya ɗaukar galan ɗin madara."

Na ci gaba da tura ƙanƙarar.

"Na rantse a kai." Ya sake jan iska. "Yaushe ka warke?"

Da na ce jiya, ko na ce tsoro ne ya ba ni ƙarfi, da ya yarda, domin mutum ne mai yarda. Na ce, "Ban taɓa ciwo ba, Baba."

Ina jin ƙirjinsa yana hawa yana sauka a bayana. Na yi zaton zai zage ni, kuma na so ya zage ni.

"Ka karɓo mini takardar nan," ya ce. "Kada ka bar ni in tafi da ita."

Maganarsa ta ƙarshe da na ji ke nan. A bakin titi muka sa shi a mota, Mma Memuna ta shiga, suka tafi. Ni da Rakiya muka dawo ta ramin da ƙafafuna suka yi.

Sai da aka yi kwana huɗu kafin ofisoshi su buɗe. Na je da sassafe, na ja lamba, na zauna cikin masu sanduna da masu keken guragu, ina tunanin su nawa ne irina a ciki, su nawa ne irin Baba da ke jira a bayanmu. Da aka kira ni na gaya wa matar da ke bayan gilashi na janye neman da nake yi. Ta ce ba matsala, ta ba ni inda zan sa hannu. Na ce kuma ina son a ba ni takardar da maƙwabcina ya cika.

Ta ce abin da ya shiga fayil ba ya fita.

Na ce mutumin yana asibiti, kuma shi ya aiko ni. Ta ce ta ji, amma ba ta da ikon cire komai. Na tsaya ban tafi ba. Can ta ce in ina so in rubuta bayani, za ta haɗa shi da waccan. Ta gargaɗe ni cewa duk abin da na rubuta zai zauna da sunana, kuma ba ta san abin da zai biyo baya ba. Na karɓi farar takarda, na rubuta da ɗan Turancina cewa Isiyaku gaskiyar abin da ya gani ya faɗa, ni ne na nuna masa ƙarya na tsawon wata biyar, ba shi da laifi. Ta buga hatimi, ta ba ni kwafi.

Daga nan asibiti na wuce. Yana kwance da bututu a baki, inji yana yi masa numfashi. Mma Memuna tana gefen gado da carbi. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na matsa kusa da kunnensa na karanta masa takardar, na fassara masa da Hausa, na ce waccan ba su ba ni ba, amma wannan tana manne a bayanta, duk wanda ya buɗe ɗaya zai ga ɗayar. Idonsa a rufe. Ban san ko ya ji ba.

A waje na tare likitan na tambaye shi, da an kawo shi da awa ɗaya kafin lokacin da aka kawo shi, da ya tashi? Ya ce ba wanda zai iya sanin wannan. Na so ya ce a'a. Bai ce ba.

Ya rasu bayan kwana biyar. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, a gaban duk mutanen da suka saba ganina a kujera. Ba wanda ya tambaye ni. Tanko kaɗai ya matso a maƙabarta ya ce mini a hankali na yi wauta, saura ƙiris. Daga ranar ban ƙara yi masa magana ba, ko da yake ba shi ya tsaya a bayan labule ba.

Ba a taɓa kira na a kan takardar ba. Da bazara na sami aikin lodi a wani sito, bayan shekara biyu gini ya fara motsi na koma tayil. Mma Memuna ta koma wurin ɗanta a wata jiha. Kafin ta tafi na je neman gafara, ta ce nata ta yafe, na mijinta kuwa ba a hannunta yake ba.

Yanzu Amira ta girma tana aiki, gidan da ɗumi, firji a cike. Ciwon bayan ne dai ya zo da gaske, kamar yadda na kira shi. Likita ya ce in daina durƙuso. Ɗazu da na shigo daga sharar ƙanƙara ina ɗingishi, na yi alwalar azahar, na tarar Rakiya ta ajiye mini kujera a kan darduma. Ta ce, "Baban Amira, yanzu ai halal ce gare ka."

Na san halal ce. Na ɗaga ta na mayar kicin. Na daɗe kafin goshina ya kai ƙasa, na kuma fi daɗewa kafin in taso.